Yadda za ka kare garkuwar jikin kaji daga gubar fumfuna

Duk mai kiwon da ya yi wa kajinsa rigakafin cutar Gumboro da na Lasota (wato rigakafin cutar Newcastle) a kan lokaci amma kaji suka ci gaba da zubewa, to kafin ka fara zagin mai sayar da rigakafi je ka duba buhun abinci tukuna. Sau da yawa matsalar tana can. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta sha danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, ita ce a 1960 ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila bayan sun ci garin gyaɗar da aka kawo daga Burazil. A jikin kaza hanta take fara kamawa, sannan ta ƙanƙantar da wata 'yar jaka da ke saman dubura inda ƙwayoyin garkuwa suke ƙosawa, shi ya sa ko ka ba da rigakafi jikin ba ya amsawa yadda ya kamata.

Fara da hannunka da hancinka. Cusa hannu can tsakiyar buhu, in ka ji ɗumi ko abincin ya dunƙule ko yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, akwai magana. Masara kuma ciji ƙwaya ɗaya, busasshiya ƙaras take fashewa, wadda ta lotse a haƙori ba ta gama bushewa ba, ana so danshinta ya sauka ƙasa da kashi 13 cikin 100. Ka zubar da fasassu da masu kore-koren gari a jiki. In wata kaza ta mutu a feɗe ta, hantar da gubar ta taɓa za ka gan ta ta kumbura, ta yi rawaya-rawaya, tana murmushewa in ka matsa. Sai dai fa abinci yana iya yin kyau a ido kuma gubar tana ciki, kuma shanya ko dafawa ba sa kashe ta.

Sai maganar bainda, wato garin nan mai kama guba. Yawanci yumɓu ne irin bentonait, wani kuma haɗe da ɓawon yis, yana riƙe gubar a hanji ta fita da kashi. Galibi kilo 1 zuwa 2 ake sawa a tan ɗaya, kaga kenan giram 25 zuwa 50 a buhu mai kilo 25, amma dai bi abin da aka rubuta a jikin leda. Kar ka watsa shi haka kawai a kan tulin abinci, cakuɗa shi da dusa kwano ɗaya ya haɗu sosai sannan ka juye cikin sauran. Ni na fi son mai haɗin yis ɗin, don yumɓu zalla afulatoksin yake kamawa da kyau, sauran gubobin masara irin su fumonisin kusan wucewa suke yi. Masu daka gawayi su zuba, yana ɗan taimakawa amma har bitamin ɗin yake kwashewa, kar ya zama na kullum.

Bayan nan ka tallafi hanta da garkuwa, bitamin E da seleniyom da bitamin C a ruwan sha kamar kwana 3 zuwa 5, ka tabbatar metiyonin, wato wani sinadarin gina jiki da ake sawa a abincin kaji, ya isa a haɗin abincinka. Seleniyom in ya yi yawa shi ma guba ne, ban da ninka awo wai don su warke da wuri. Kuma don Allah a daina ɗura musu antibayotik, ba ya taɓa gubar, hantar ma ƙara wahala take yi.

Abincin da ya riga ya ruɓe kam babu baindar da za ta gyara shi, a binne shi. Kar a ba agwagi, sun fi kaji saurin mutuwa da ita, kar kuma a ba saniyar tatsa don tana fitowa a nono. Buhuna a ɗora kan katako nesa da bango, da damina ka sayi na sati biyu kawai, a riƙa kankare mazubi inda jiƙaƙƙen abinci ke maƙalewa. In kai kake noma masararka nemi Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage afulatoksin, na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, kilo 10 a hekta, ana watsawa sati 2 zuwa 3 kafin ta fitar da bunu. In kajin sun dawo cin abinci sosai sai ka kira likitan dabbobi ya duba ko za a maimaita Lasota.