Yadda ake gwada manhaja da mutum biyar

Mai son sanin inda manhajarsa ke wahalar da jama'a ba ya bukatar tara mutane da yawa. A shekarar 2000 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhajoji, ya bayyana cewa mutum biyar sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, matuƙar an zaɓo su daga cikin waɗanda aka ƙera manhajar dominsu.

Da farko a nemi yardar mutum, a faɗa masa ƙarara cewa manhajar ake jarrabawa, ba shi ba. Sannan a ba shi takamaiman aiki, misali ya tura wa wani naira dubu biyu, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake dannawa.

Nan ne wuyar aikin take, domin dole mai bincike ya kame bakinsa. Idan yatsan mutumin ya tsaya cak a kan allo, ko ya koma baya har sau biyu, ko ya ɗago kai yana neman agaji, a rubuta wurin da ya maƙale, kada a nuna masa maɓallin. Iyakar abin da za a ce shi ne, "Malam, me kake tsammanin zai faru idan ka danna nan?" A ganina tambayarsa ko manhajar ta burge shi ɓata lokaci ne, saboda kara takan sa mutum ya yaba abin da ya gagare shi yanzun nan.

Ya fi kyau a yi gwajin da wayarsa ta kullum, ko da intanet ɗinta na jan ƙafa. Bayan an gyara kurakuran, sai a kira wasu biyar daban.