Yadda ake gane zamewar haƙarƙari a jikin matashi mai ciwon ƙirji

A ƙauyukanmu na Jigawa, da yaro ya dafe ƙasan ƙirji sai a ce olsa ce, a aika kemis. Wani lokacin kuwa haƙarƙari ne. Mutum yana da 12 a kowane gefe, amma na 8 da na 9 da na 10 ba su manne da ƙashin ƙirji kai tsaye ba, guringuntsi ne ya riƙe su. In ya saki, bakin haƙarƙarin sai ya zame ƙarƙashin na samansa ya goga jijiya.

Da farko a duba alamun haɗari. In akwai zazzaɓi, haki, suma, tarin da ya kai mako biyu, ko yaron mai sikila ne, a tafi asibiti a ranar.

In babu, sai a ce masa: "Nuna mini wurin da yatsa." Mai wannan ciwo yakan nuna gefe ɗaya, daidai inda haƙarƙari ya ƙare. A tambaye shi yaushe yake tashi. Nan ne zancen yake. Yana sunkuyawa ya ɗaga jarka mai lita 25, ko yarinya tana tsakiyar daka, ko wajen juyi a kan tabarma, sai a ji kamar an soka wuƙa, wani har da ƙaras, daga baya ya koma nauyi-nauyi. Da abinci da yunwa ba ruwansa, shi ya sa nake tausayin yaran da aka hana wa yaji wata da watanni a banza.

Sai a kai shi wurin likita, a faɗi duk wannan. Likita yakan lanƙwasa yatsunsa ƙarƙashin haƙarƙarin ya ja sama. In ciwon ya dawo sak, an kama bakin zaren. Kada a gwada a gida. Hoton ƙirji yakan fito lafiya lau domin guringuntsi ba ya fitowa a ciki; sikanin da ake yi yaro yana motsi ya fi nunawa.

A ɗauke masa dakon ruwa, huɗa da ƙwallo na ɗan lokaci, a ba shi farasitamol yadda aka rubuta. Ƙaho da tsagar wanzami ba sa mayar da guringuntsi. In ciwon ya ƙi, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti a Dutse, Birnin Kudu ko Kano, inda za a duba ko allurar kashe zafin jijiyar ce ta dace ko tiyata.