Yadda za ka hana Windows shan datarka da sabuntawar da ba ka nema ba

Bayan matsalar batir da caja, babu ƙorafin da ya fi zuwa shagona na gyaran kwamfuta a unguwar Mabera da ke Sakkwato kamar wannan: mutum ya sayi data, ya jona laftof da hotspot ɗin wayarsa don ya tura takarda guda, kafin ya ankara datar ta ƙare ƙarƙaf. Ko kuma yana tsakiyar aiki kwamfutar ta mutu ta taso da kanta, ta tsaya tana lissafin kashi nawa cikin ɗari ta yi, har da gargaɗin kada a kashe ta, alhali an ɗauke wuta kuma batirin saura ƙiris. Galibi abin da ake roƙo na shi ne, “Malam, don Allah ka kashe min afdet ɗin nan gaba ɗaya.” Ni kuwa ba na kashewa. Abin da nake yi shi ne in mayar wa mai kwamfuta ikon zaɓar ranar da za a yi, kuma ko a gida kana iya yin hakan da kanka.

Sai ka fara sanin cewa sabuntawar iri biyu ce. Akwai ta wata-wata, wadda Microsoft ke saki ranar Talata ta biyu ta kowane wata, tsarin da suke kai tun 2003. A agogonmu wajen magariba take fitowa. Wannan ita ke toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Sai kuma babba, mai zuwa sau ɗaya a shekara da suna irin 23H2 ko 24H2, wadda ke sauya fasalin Windows ɗin kanta, ta ci giga da dama, ta daɗe tana girkuwa. Ta farkon jinkirta ta ake yi na ɗan lokaci. Ta biyun ce za ka iya barin ta ta jira wata da watanni ba tare da ka yi asarar komai ba.

Matakin da ya fi kowanne amfani a wurinmu shi ne ka shaida wa kwamfutar cewa datarka a ƙirge take. Ita Windows, duk Wi-Fi ɗin da ta gani ɗauka take yi irin na ofis ne wanda ba ya ƙarewa, ba ta san kai giga biyu ka saya don ya kai ka ƙarshen wata ba. Jona hotspot ɗin ko MiFi ɗinka tukuna, ka buɗe Settings, ka shiga Network & internet, ka danna Wi-Fi, sannan sunan layin da kake kai. Ka gangara ƙasa za ka ga Metered connection, kunna shi. A Windows 10 an rubuta shi Set as metered connection. Daga nan za ta daina sauko da yawancin sabuntawa da kanta, manhajojin Microsoft Store ma su saurara.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Wannan saitin na layi ɗaya ne kawai, wanda ka yi shi a kansa. Wata ɗaliba ’yar ajin ƙarshe ta dawo min ranta a ɓace, ta ce, “Malam, ka ce ka gyara, ga shi jiya ta sake shanye datar.” Na ce, “Ƙanwata, da wace waya kika jona?” Ashe tata caji ya ƙare, ta ari ta yayanta. A wurin kwamfuta wannan sabon layi ne, ba ta san shi ba. Saboda haka duk wayar da ake jonawa da ita a gida, ta maigida, ta uwargida, ta yara, kowace sai ka yi mata nata. Ko sunan hotspot ɗinka ka canza, sai ka sake. Bayan haka ka leƙa Windows Update, ka shiga Advanced options, ka tabbata Download updates over metered connections a kashe yake, don in yana kunne aikin da ka yi ya tashi a banza. Ka kuma sani cewa Microsoft ta bar wa kanta damar turo wasu gyare-gyaren gaggawa ko da layin a ƙirge yake, amma ba su ne ke kwashe giga-giga ba.

A cikin Advanced options ɗin akwai wani abu mai suna Delivery Optimization. Aikinsa shi ne ya bar kwamfutoci su riƙa raba sabuntawa a tsakaninsu, wato taka na iya tura wa wasu abin da ta sauko da shi. Kashe Allow downloads from other PCs, sai fa in kuna da kwamfutoci da yawa a kan layi guda, kamar masu shagon buga takardu, to nan zaɓi na cikin gida kaɗai yana rage musu kashe data.

Sai dakatarwa. A shafin Windows Update akwai Pause updates. Windows 11 na ba ka daga mako ɗaya zuwa biyar, Windows 10 kuma kwana 35, damar da masu Windows Home, wato nau’in amfanin gida, suka samu tun 2019. Amma idan wa’adin ya cika ba za ta yarda ka ƙara ba sai ka karɓi abin da ya taru. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su yi lissafi: in kana da jarrabawa ko kare furojet nan da mako uku, ka sabunta yau ka gama, sannan ka dakatar na mako biyar. Wanda ya dakatar tun da wuri ba da lissafi ba, wa’adinsa na iya cika a daren da ya fi bukatar kwamfutar. A wannan shafin dai, masu Windows 11 su kashe Get the latest updates as soon as they’re available. Ba ka da dalilin zama na farkon da za a gwada sabon abu a kansa. A Oktoban 2018 Microsoft ta saki babbar sabuntawar 1809, ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, dole kamfanin ya janye ta bayan ’yan kwanaki. Waɗanda suka jira ba su ga wannan tashin hankalin ba.

Maganar mutuwa da tasowa da kanta kuwa, Active hours ne maganinta, shi ma yana cikin Advanced options. Ka mayar da shi na hannu, ka sa awannin da kake aiki; tana karɓar har awa 18, misali daga shida na safe zuwa sha biyun dare. Kunna kuma sanarwar da ke cewa a gaya maka kafin a sake kunnawa. In ka zo kashe kwamfuta kana sauri, duba da kyau: Shut down daban, Update and shut down daban.

Masu Windows Pro suna da ƙarin hanya, kuma yawancin laftof ɗin gwanjo da ake kawo mana, irin HP da Dell da Lenovo da suka fito daga ofisoshin Turai, Pro ne a kansu. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta gpedit.msc. Bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update. A Windows 11 sai ka ƙara shiga Manage end user experience. Buɗe Configure Automatic Updates, ka zaɓi Enabled, ka ɗauki lamba 2. Daga ranar sanar da kai za ta riƙa yi, ba za ta sauko da komai ba sai ka ce to. A ƙarƙashin Windows Update ɗin dai, cikin Manage updates offered from Windows Update (a Windows 10, Windows Update for Business), ake samun Select the target Feature Update version, inda za ka rubuta sigar da kake son zama a kai, ta daina ja ka zuwa sabuwa. In ba ka saba da wurin ba, kada ka taɓa abin da ban ambata ba.

Na san akwai masu shiga services.msc su kashe Windows Update ɗungurungum, da masu sauko da wasu ƙananan manhajoji daga intanet da sunan toshe ta har abada. Na farkon ba ya ɗorewa, don Windows na da wani ɓangare da ke sake tayar da ita. Na biyun kuwa ba na yarda da shi ko kaɗan, ba ka san wanda ya rubuta manhajar ba kuma ka miƙa masa kwamfutarka. Ko da ya yi aiki, ka tuna da muguwar manhajar nan WannaCry. A watan Mayun 2017 ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa, alhali tun watan Maris Microsoft ta saki gyaran. Waɗanda ba su karɓa ba su ta kama. Yau da wannan laftof ɗin kake shiga banki, a ciki takardun makaranta da hotunan iyali suke. Barin ta shekara ba gyara kamar barin ƙofar zaure ne a buɗe a tafi barci.

To a ware mata rana guda a wata. Ni nakan bar mako ɗaya ko kwana goma ya wuce bayan Talatar nan, don in akwai matsala a ji labarinta a gyara. Ka kwafe muhimman fayilolinka a filash. Ka zaɓi lokacin da wuta ta tsaya, ko sola ta cika, ko an tada janareta, batirin laftof ɗin a cike kuma caja a jone. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS kada ya fara da wutar da ba ta da tabbas, don yankewar wuta a tsakiyar girkawa na iya hana Windows tashi. Datar dare mai rahusa ta dace da wannan aikin, kuma a watannin Afrilu da Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, daren ya fi wa na’urar sauƙi. Ɗora ta a kan tebur ko tire, ba kan katifa ba, don iska ta samu hanya. Sannan ka danna Check for updates, ka bar ta ta gama, ka sake kunna ta, ka mayar da Pause.

In babbar sabuntawa ta riga ta shiga kuma firintarka ta daina aiki ko kwamfutar ta yi nauyi, kana da kwana 10 na komawa: Settings, System, Recovery, Go back. Kada ka goge jakar Windows.old kafin ka tabbata komai lafiya, da ita ake komawar.

Masu Windows 10 kuma lamarinsu ya juya. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kyauta, sai ga wanda ya shiga shirin ESU na ƙarin wa’adin gyaran tsaro, wanda aka sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026 ga masu kwamfutar gida. Windows 11 na bukatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar, da akalla giga 4 na RAM, in furosesan Intel ne kuma galibi daga zubi na takwas (8th generation) zuwa sama. In laftof ɗinka ya cika sharuɗɗan, ka tsara ranar hawa da kanka kamar yadda na faɗa a sama. In bai cika ba, ka duba Windows Update ko akwai wurin rajistar ESU, kuma harkar banki ka mayar da ita kan wayarka har ka samu wanda ya cika.