Koyon Zanen Karkara Daga Gonar Alkamar Van Gogh

Duk mai son zana gona har mai kallo ya ji kamar iska na kaɗa ta, ya dace ya fara da zanen gonar alkama mai dogon itacen saifras da mai zane ɗan ƙasar Holland, Vincent van Gogh, ya yi a shekarar 1889, lokacin da yake jinya a Saint-Rémy, kudancin Faransa. Ya zana shi fiye da sau ɗaya: akwai ɗaya a gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York, wani kuma a National Gallery ta Landan, kuma ana samun hotunansu a intanet.

Kada ka taɓa fenti tukuna. Ka ƙara girman hoton har sawun burushi ya fito ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne darasin yake. A cikin gona sawun gajeru ne, sun karkata kamar karan da iska ta kwantar. A sararin sama sun nannaɗe suna juyawa tare da gajimare. A jikin itacen kuwa sun miƙe sama tamkar harshen wuta. Ka ɗauki alƙalamin kara da tawada, irin wanda shi ma ya riƙa yin zane da shi, ka kwaikwayi waɗannan layuka kaɗai, sau da yawa, har hannunka ya saba da su. A ganina, wanda ya tsallake wannan mataki zai fitar da siffar gona, amma ba za ta motsa ba.

Daga nan sai launi. Ka shimfiɗa fenti da kauri, ka ajiye rawaya kusa da shuɗi domin kowanne ya ƙara fito da ɗan'uwansa, kuma ka daure kada ka goge sawun da ka riga ka ajiye, ko da ya yi maka kaushi.

Kwaikwayo ba abin kunya ba ne, tunda Van Gogh da kansa ya kwaikwayi zane-zanen manoma na mai zane ɗan Faransa, Jean-François Millet, daga kwafinsu da aka buga marasa launi, ya zaɓa musu launukan da ya ga dama. Bayan kwafi biyu ko uku, ka rufe hoton, ka fita gona mafi kusa da kai da yamma, ka lura da inda iska take karkatar da kara kafin ka tsoma burushi.