Yadda ma'aurata za su zaga biranen tekun Baltik ba tare da guzuri ya ƙare ba

Sitokholm ta ƙasar Suwidin, Helsinki ta Finlan da Talin ta Istoniya birane ne uku da ke bakin tekun Baltik, kuma biyun farko sun yi ƙaurin suna wajen tsadar rayuwa. Duk da haka, miji da mata da suka tsara tafiyarsu tsakanin Yuni da Agusta za su iya ganin mafi kyawun abin da ke can da kuɗi kaɗan, domin babban abin kallo shi ne ruwan kansa da tsibiran da ke cikinsa, kuma jirgin fito na hukumar sufurin birni yana kai mutum da tikitin da ake hawa bas da shi. A wurin kwana da abinci ne kuɗi yake zurarewa, saboda haka nan ya kamata a sa ido.

Suwidin, Finlan da Istoniya duk suna cikin yankin Shengen, don haka biza ɗaya ta wadatar, kuma ana nemanta ne daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Tun daga Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga kowane baligi, sannan ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Finlan da Istoniya suna amfani da Yuro, Suwidin kuwa tana da kuɗinta, kurona, amma kada ku wahalar da kanku wajen canji, domin shaguna da yawa a Sitokholm ba sa karɓar tsabar kuɗi ko kaɗan. Ku tabbatar katin bankinku yana aiki a ƙasar waje tun kafin ku tashi.

Game da masauki, ku nemi ɗakin mutum biyu a gidajen saukar matafiya masu rahusa, irin waɗanda suke da kicin na kowa da kowa. Sau da yawa farashin ɗakin bai fi na gado biyu a ɗakin haɗaka da wani abin kirki ba, ga shi kuna da sirrinku. Wasu daga cikin gidajen suna cajin kuɗin zanen gado daban, saboda haka zanen gado biyu marasa nauyi a cikin akwati ba asara ba ne.

Sitokholm a kan tsibirai 14 take zaune. Da tikitin SL, wanda ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi, za ku hau jirgin fito daga Slussen zuwa tsibirin Djurgården, ku ga fuskar tsohon gari daga kan ruwa kamar yadda masu biyan kuɗin jirgin yawon buɗe ido suke ganinta. Idan gidan tarihi ɗaya kawai za ku biya wa kuɗi, to ya zama na Vasa, jirgin yaƙin da ya nutse a 1628 a tafiyarsa ta farko tun bai fita daga tashar ba, aka kuma ɗago shi a 1961 kusan yadda yake. Katin da ake sayar wa baƙi mai haɗe da gidajen tarihi da yawa ba ya mayar da kuɗinsa sai ga wanda zai shiga uku ko huɗu a wuni, kuma a ganina wannan ya zama aiki, ba hutu ba. Da yamma ku hau Monteliusvägen, wata siririyar hanyar ƙafa a gefen dutse a Södermalm, inda ake hango birnin kyauta.

Dabarar da ta fi rage kashe kuɗi ita ce tafiya Helsinki a jirgin ruwan dare. Jiragen Viking Line da Tallink Silja suna tashi bayan la'asar su isa da hantsin washegari, kimanin sa'o'i 17, wato kuɗin ɗakin jirgin ya haɗa muku na mota da na otel. Ɗakunan ƙasa marasa taga su ne mafi araha, kuma ba za ku yi rashin komai ba, domin sa'o'in farko a saman jirgi ake yin su, yayin da yake ratsa dubban tsibirai masu bishiyoyi da jajayen gidajen katako, wasu kusa ƙwarai har kana iya ganin kayan da aka shanya a igiya. Ku zaɓi tsakiyar mako. Tikiti ya fi sauƙi, kuma daren Juma'a da Asabar masu zuwa shan barasa da rawa suna cika jirgin da hayaniya. Abincin cikin jirgi yana da tsada, don haka a sayi burodi, cuku da kifi a kanti kafin a hau.

A Helsinki, jirgin fito na HSL, hukumar sufurin birnin, yana tashi daga kasuwar bakin ruwa ta Kauppatori, cikin minti 15 ya kai Suomenlinna, sansanin da aka fara ginawa a 1748 lokacin da Finlan take ƙarƙashin Suwidin. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma wuni guda ba ya yi masa yawa. A kasuwar kuwa ku riƙe abincinku da kyau, domin tsuntsayen teku suna fizge shi daga hannun mutum ta bayan kafaɗa. Idan ruwan sama ya tare ku, ɗakin karatu na Oodi, wanda aka buɗe a 2018, yana da wurin zama da ban ɗaki kyauta.

Daga nan zuwa Talin kilomita 80 ne, sa'o'i biyu a jirgi. Gara ku kwana a can fiye da ƙara dare a Helsinki, domin masauki ya fi sauƙi. Ana taka ƙafa daga tasha zuwa tsohon gari, a hau tudun Toompea a kalli jajayen rufin gidaje, amma a bar gidajen abincin dandalin tsakiya a nufi kasuwar Balti Jaam da ke gefen tashar jirgin ƙasa.

Ku mayar da abincin rana ya zama babban abincinku, domin a ranakun aiki gidajen abinci a Suwidin da Finlan suna rage farashinsa, har da burodi da kofi a kai. Ruwan famfo tsaftatacce ne, gora ɗaya ta ishe ku. Naman alade yana shiga abinci da yawa, don haka ku duba rubutun jikin kaya: fläsk a Suwidin, sianliha a Finlan, sealiha a Istoniya.

A ƙarshen Yuni rana tana kai kusan sa'o'i 19 a sararin Helsinki, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya, abin da ke rikita lissafin isha'i da asuba a manhajojin waya. Ku bi jadawalin masallacin garin. Babban masallacin Sitokholm yana kusa da dandalin Medborgarplatsen a Södermalm. Ku riƙe rigar sanyi da ta ruwa, domin iskar saman jirgi tana da sanyi ko a Yuli. Sannan ku lura da Juma'ar da ta faɗo tsakanin 19 da 25 ga Yuni, jajiberin bikin tsakiyar bazara, lokacin da mutanen Suwidin da Finlan suke tafiya ƙauye, shaguna da gidajen abinci da yawa su rufe, don haka a yi cefanen kwana biyu tun ranar Alhamis.