Yadda za ka kunna libcurl kafin ka saki tiredi

Wallahi ba abin da ke cin rai irin furogiram ɗin da ke aiki lafiya lau a kwamfutarka, kana ɗora shi a saba (server) sai ya riƙa faɗuwa jefi-jefi, ka duba ka duba ba ka ga komai ba. In kana amfani da libcurl (laburaren aika da karɓo bayanai ta intanet) da tiredi da yawa (wato sassan furogiram da ke gudana lokaci guda), fara leƙa inda ka kira curl_global_init, fankishin da ke kunna laburaren.

Sau ɗaya tak ake kiransa, a farkon main, tun ba ka saki ko tiredi guda ba. Tarkon shi ne in ka manta, curl_easy_init, wanda ke samar maka da handul ɗin yin aiki da libcurl, zai kira maka shi a ɓoye, to ka ga tiredi biyu sun taso tare, wannan ya leƙa ya ga ba a kunna ba, wancan ma haka, duka su afka kunnawa, ana shirya SSL (sashen ɓoye sirrin sadarwa) sau biyu lokaci guda, shi ke nan memori ta cakuɗe. Sigar libcurl 7.84.0 ta 2022 ta gyara wannan a yawancin na'urori, amma ni dai ba na dogara da hakan, don tsofaffin sabobi na nan birjik da tsohuwar siga.

To in kai ma laburare kake rubutawa, ba ka da main fa? Don Allah kar ka yi dabarar nan ta if (!an_kunna) sannan ka kunna, tsakanin dubawa da kunnawa ne ake shammatarka. Saka kunnawar cikin pthread_once, ko std::call_once in C++ ne, su za su tsayar da sauran har na farko ya gama. Kuma ka rubuta wa masu amfani da laburarenka ɓaro-ɓaro wa ke da alhakin kunnawa, kai ko su.

Kowane tiredi ya riƙe handul ɗinsa, ba a haɗa guda a yi ta ja lokaci ɗaya. Ka sa CURLOPT_NOSIGNAL ya zama 1, don kar libcurl ya yi amfani da sigina (signals) da za su rikita tiredi. In OpenSSL ɗinka bai kai 1.1.0 ba sai ka ɗaura masa makullai (masu hana tiredi biyu taɓa abu ɗaya lokaci guda) da hannunka, gara ma ka sabunta kawai.

Wajen rufewa, sai pthread_join ya dawo da kowa tukuna sannan curl_global_cleanup. Daga nan ka haɗa kod ɗin da -fsanitize=thread (zaɓin kwamfaila da ke gano karon tiredi) ka sake shi da tiredi kamar 50, inda biyu suka taɓa wuri ɗaya ba makulli zai nuna maka layin.