Ciwon sanyi: kurakuran da ke jawo wa ƴan matan Yamai asarar kuɗi da lafiya

Babban kuskure shi ne sayen kafso a hannun masu yawo da magani kan faranti. Yarinya ta ga farin ruwa ko ta ji zafin fitsari, kunya da rashin kuɗi su sa ta sayi ƙwaya huɗu ta haɗiye. Zafin ya lafa, ta ɗauka ta warke. Alhali ƙwayar cutar tana nan, har ta fara sabawa da maganin, kuma tana iya hawa zuwa mahaifa ta toshe hanyar ƙwai. Daga nan ake samun ciwon mara mai daɗewa, da ciki a wajen mahaifa, da rashin haihuwa. Wannan ne ke ci mini rai, don sai bayan aure ake gane ɓarnar, dangin miji su yi ta surutu.

Ƙanwata, ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, ta unguwarku. Ba a tambayar inshora, ki biya tikiti kawai. Sau da yawa ungozoma kan duba ki ta rubuta magani bisa alamun da ta gani, ba sai an tura ki awo mai tsada ba. In kina tsoron haɗuwa da maƙwabta, ki tafi CSI ta wata unguwa ko cibiyar ANBEF, ƙungiyar kula da lafiyar iyali. A famasi ki ce jenerik kike so, wato maganin da ba ya ɗauke da sunan babban kamfani. Aikinsa ɗaya ne, kuɗinsa ya fi sauƙi. In kuɗinki ba su kai ba, ki faɗa wa ungozoma tun tana rubutawa, kada ki sayi rabi.

Wasu kuma sai sun ga alama suke zuwa. Kilamidiya, wani nau'in ciwon sanyi, takan zauna a jikin mace ba tare da ta ji komai ba. Gyambon tunjere ba ya zafi, yakan bushe da kansa cutar na ci gaba a jini. Awon sida da na tunjere ɗigon jini ne daga yatsa, kuma maganin sida kyauta ne a Nijar. Mai juna biyu ta nemi a yi mata duka biyun wajen awon ciki, domin suna kama jariri.

Ba kowane farin ruwa ne daga namiji yake zuwa ba, saboda haka ki daina zargin kanki. Ki kuma bar wanke cikin farji da sabulu mai ƙamshi ko cusa haɗin matsi, suna ƙara ƙaiƙayi ne.

Sai maganar da aka fi gudu: miji ko saurayi. In ke kaɗai kika sha magani, zai mayar miki da cutar, ki sake biya. Ko ya rantse lafiyarsa lau, a ba shi nasa. Ku shanye maganin duka, ku ƙaurace wa juna kwana 7, bayan nan kwaroron roba irin su Foula yana nan a shaguna da araha.